Masu Farar Fuska a Fadamar Zapotal

Zapotal, 3 ga Disamba, 2003

Zuwa ga tsohona Casimiro,

Gaisuwa mai yawa daga ni da kaji da karen nan naka, wanda ya ƙi abinci kwana biyu bayan tafiyarka, sannan ya dawo yana ci kamar ƙato uku. Yaya gwiwar? Ina fatan ɗinkin ya kama, kana kuma yin tattakin da likita ya ce, ba zama gaban talabijin kana ba 'yan ƙwallo umarni ba. Ka gaishe min da 'yarmu Yamileth da mijinta. Ka ce mata kada ta ji tausayinka, in ka yi raki ta ƙara maka zagaye ɗaya.

Mu nan lafiya lau. Ruwa ya ɗauke, iskar arewa ta fara kaɗawa, baƙin tsuntsayen da ke gudo wa sanyi kuma sun iso. Shahon nan mai kamun kifi ya dawo kan busasshen itacen bakin gada, inda yake sauka duk shekara. Tsattsewa sun cika wayar lantarki, ƙananan agwagi masu shuɗin fiffike kuma sun fi na bara yawa. Da a ce wannan ne kaɗai labarin, da na rufe takarda ina murna.

Ranar Asabar ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye ta yi taro a ajin makarantar gari, don shirya ƙidayar tsuntsaye ta shekara. An sa ranar ashirin ga wata. Don Aníbal Quesada, shugaban namu, wanda ya bar koyarwa shekara goma amma har yau yake yi wa mutum magana kamar yana gaban allo, ya miƙe ya karanta yankuna takwas da jagoran kowanne. Da ya zo kan fadamar Zapotal, wadda ni nake jagoranta shekara shida, sai ya karanta sunansa. Ni kuma ya ce bana an ba ni babban aiki, zan kula da ɗaurin tamal na abincin yamma, ƙullun masaran nan da ake dafawa cikin ganyen ayaba, domin kowa ya san babu mai hannuna. Har tafi aka yi min, Casimiro. An kore ni zuwa kicin ana tafi.

Ka san dalili, amma bari in rubuta shi ko ƙirjina ya yi sauƙi. Bara na ce na ga kirinjijiya biyu, masu farar fuska, a cikin agwagin fadama masu jan baki. Ni kaɗai ce a wurin. Dokar ƙungiya ta ce tsuntsun da ba a saba gani ba sai da shaidu biyu, kuma ban taɓa jin haushin dokar ba. Yadda Don Aníbal ya yi maganar ce ta tsaya min a rai. Ya ce tun 1989 ba a sake ganin tsuntsun nan a wajenmu ba, ya ce wataƙila laka ce ta bushe a fuskar agwagwa, ko rana ce ta haske min ido, ai shekaru sun fara ja. Tun daga nan ba ni da sakat. Mai kantin magani in ya hango ni sai ya ce, Doña Zeneida, yau kuma me aka gani, jimina?

To ranar Asabar ban haɗiye ba. Na miƙe na ce, "Malam, ina da shekara tara ubana ya ɗora ni a kan tsaron shinkafa a fadamar nan. Kafin ka san yadda ake riƙe alli na san kukan kowace agwagwa." Na ce a bar ni in bi shi Zapotal ranar ƙidaya. In muka dawo bai ga farar fuska da idonsa ba, zan mayar wa ƙungiya tabaron hangen nesan da ta ara min, in ɗaura zanen kicin, kada kuma a sake jin bakina a kan tsuntsu. Ya yarda nan take, da saurin da ya ba ni tsoro.

Na san abin da za ka ce, domin ka faɗa kafin ka tafi: in bar wa masu digiri abinsu, in huta. Ba zan iya ba. Ba tabaron nake jin ciwo ba, ko da yake ina son sa. Shekarata sittin da shida, ban taɓa ajiye komai ba sai maganata, in na ce na ga abu to na gan shi. Shekara guda ke nan ana yi min kallon tsohuwar da ke ganin abin da babu, kuma na gaji.

Ka sha maganinka a kan lokaci. Na aiko maka da cuku da kofi ta hannun direban bas na ranar Juma'a, kada ka bar mijin Yamileth ya cinye.

Taka mai kewarka,
Zeneida


Zapotal, 14 ga Disamba, 2003

Tsohona,

Takardarka ta iso, na kuma gode wa Allah da ka fara taka matakala ba tare da sanda ba. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida mutanen gidan duka. Shafi biyu ka cika da faɗa a kan na yi alkawarin da bai kamata ba, layi ɗaya tak ka tambayi lafiyata. Lafiyata ƙalau, na gode.

Yanzu ka zauna da kyau. Suna nan.

Tun da na rubuto maka, kullum kafin gari ya waye nake ɗaura wa goɗiya sirdi in tafi fadama. Kwana bakwai ban ji komai ba sai hayaniyar masu jan baki, ka san su, kamar mata a layin injin niƙa. Har na fara tambayar kaina ko da gaske laka ce na gani bara. Wannan tunanin ya fi zolayar mai kantin magani ciwo, domin shi ba a iya juya masa baya.

Ranar Alhamis ina tsaye a kan tudun da ya raba fadama da gonar shinkafa, rana ba ta gama fitowa ba, agwagi suna dawowa daga kiwo garke garke. Sai na ji shi a cikin hayaniyar: fito siriri, sau uku a jere, tas tas. Rabona da jin sa sosai tun ina budurwa, amma kunne ba ya mantawa. Na ɗaga tabarau, na bi garken har ya sauka gefen hagu wajen ciyawar ruwa. Uku na gani, fuska fara sol kamar an tsoma ta a garin masara, ƙeya baƙa, ƙirji ja. Na zauna a ƙasa na yi kuka, goɗiya tana kallona.

Na so in amsa musu yadda nake yi da ina yarinya, lokacin da nake kiran su su zagayo kaina don nishaɗi. Na tattara leɓe na hura, iska ce kawai ta fito. Haƙoran robar nan da Yamileth ta sa aka yi min sun cika min baki, harshe ba ya samun wurin da ya saba. Kada ka faɗa mata, za ta ji ba daɗi.

Amma duk wannan ba ya shiga littafi. Ba ranar ƙidaya ba ce, kuma ni kaɗai ce, kamar bara. Don haka ban gaya wa kowa ba sai kai. Jiya dai na je gidan Don Aníbal na roƙe shi mu fara da fadama da sassafe. Ya ba ni kujera, ya ba ni kofi, ya ƙi. Ya ce tsarin yankin nan shekara ashirin ke nan bai canja ba: da asuba kurmin bakin kogi, domin lokacin ne ƙananan tsuntsaye suke kuka, fadama kuma ƙarfe goma, lokacin da agwagi suka natsu wuri ɗaya suna da daɗin ƙirga. Ya ce in aka sauya lokaci, lissafin bana ba zai yi daidai da na sauran shekaru ba. Na tuna masa ni da nake jagora da fadama nake farawa. Ya ce ya sani, yana daga cikin abin da ya zo gyarawa.

A hanyar dawowa ne abin ya faɗo min. Ƙarfe goma agwagwa ta ƙoshi, ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta cusa kai cikin fiffike tana barci. In ta yi haka, mai jan baki da mai farar fuska duk dunƙule ɗaya ne mai ruwan ƙasa. Wato duk shekarun da malaman nan suke cewa tsuntsu ya ƙare, bayan agwagi suke ƙirgawa, ba su taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Na yi dariya ni kaɗai a kan goɗiya, sannan dariyar ta tsaya, domin ranar Asabar ma haka za mu tarar da su.

Ranar Juma'a na je garin Nicoya bikin Uwargida Maryama uwar Yesu, na kunna kyandir biyu. Ɗaya don gwiwarka. Ɗayan na ji kunyar faɗin dalilinsa a coci, amma ta san nufina.

Ina jin tsoro, Casimiro, gaskiya ke nan. Da kana nan da ka yi min faɗa, da na rama, da na samu barci.

Matarka,
Zeneida


Zapotal, 21 ga Disamba, 2003

Zuwa ga Casimiro, mijina,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, ina gaida Yamileth da mijinta da maƙwabtansu da duk wanda ya ratsa ƙofar gidan. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni kam na tashi lafiyar da rabona da irinta an daɗe, tabaron hangen nesa kuma yana nan rataye a ƙusarsa a bayan ƙofa, ba inda za shi. Na faɗa maka ƙarshen tun yanzu don kada hawan jininka ya tashi. Saura ka ji yadda aka yi.

Jiya ƙarfe biyar motar ƙungiya ta sauke mu a bakin kurmi, ni da Don Aníbal, da alkawarin za ta ɗauke mu a tudun fadama ƙarfe goma sha ɗaya. In faɗi gaskiya, mutumin ya san kurmi. Kafin rana ta ɗaga mun rubuta iri arba'in da wani abu, har da mujiya tana gyangyaɗi a cikin kogon itace, da aku suna wucewa biyu biyu suna surutu. Ni ce na fara jin yawancinsu, shi ne ya san sunan kowanne a littafi. Ya yi ta min ladabi, irin ladabin da ake yi wa mara lafiya. Ni kuwa raina yana fadama, ina ganin rana tana hawa.

Goma da kwata muka hau tudun. Kamar yadda na faɗa maka, haka muka tarar. Fadama ta cika maƙil, iska tana kaɗawa da ƙarfi, kowace agwagwa ta cusa kai. Ya kafa babban madubinsa na hangen nesa mai ƙafa uku, ya ƙirga ɗari a gefe ɗaya, ya riƙa auna sauran da ido ɗari ɗari. Ya rubuta masu jan baki dubu huɗu da ɗari biyu. Na ce Malam, da me ka san bakinsu ja ne? Ya ce ai su ne a nan. Sannan ya ja baya ya nuna min madubin da hannu, wai bismillah, in nemo abokaina. Na duba gefen hagu har idona ya yi ruwa. Baya, baya, baya.

Akwai wani tsohon gwangwanin mai a gefen tudun. Ka san aikin da na girma da shi. In na buga shi sau biyu da sanda, dubu huɗun nan za su tashi sama, kowace fuska a fili. Ya ga inda idona ya tafi. Ya ce dokar ƙungiya ta hana tayar da tsuntsu daga hutunsa, in na yi zai rubuta, kuma duk abin da aka gani ta haka ba zai sa hannu a kai ba. Na ji haushinsa, amma yana da gaskiya, ni ma na ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar. Na tambaye shi ko akwai dokar da ta hana mutum yin fito da bakinsa. Ya yi tunani sosai, kamar ana tambayarsa a kotu, ya ce babu. Ya duba agogo. Saura minti ashirin.

Casimiro, shekara arba'in da huɗu muna tare, kai kanka sau nawa ka gan ni ba haƙoran nan tun da aka yi su? Sai na kashe fitila nake cirewa. To jiya da rana tsaka, a gaban malamin makaranta mai gugar wando, na juya baya na zare su, na naɗe a hankici na sa a aljihu. Bakina ya lotsa kamar tsohuwar jaka. Kunya ta rufe ni, amma na juyo.

Fito na farko ya fita kamar tukunya tana tsiyayar da tururi. Na biyu ya ɗan yi kama. Na lashi leɓe, na rufe ido, na tuna ina tsaye a kan dandamalin tsaro da 'yar rigata ta buhun gari. Na uku ya fito daidai, sau uku a jere, tas tas tas. Masu jan baki ko motsi ba su yi ba, ba da su ake ba. Na sake. Sai daga cikin ciyawar hagu aka amsa min.

Kai ɗaya ya ɗago, fari sol. Sai na biyu a kusa da shi. Na ci gaba da yi, suna miƙa wuya suna neman 'yar'uwarsu da ta ɓata. Uku, huɗu, can gaba kaɗan na biyar. Na miƙa hannu na nuna wa Don Aníbal wurin. Ya sunkuya a kan madubin, ya daɗe bai ɗago ba. Da suka fara mayar da kai, sai na ji ya ce a hankali, bai ko dube ni ba, "Ƙara yi, Doña Zeneida. Don Allah ƙara yi."

Na ƙara, har sau nawa ban sani ba. Da ya miƙe sai da ya cire gilashinsa ya goge. Ya gaya min abin da ban sani ba: shi ne ya ga na ƙarshe a 1989, shi ne ya rubuta wa masana a babban birni cewa an rasa su, kuma shekara goma sha huɗu yana zuwa tudun nan ba ya son duba da kyau, don kada ya sa rai. Na so in ce masa wani abu mai nauyi, na shirya maganganu shekara guda, amma ba haƙora ba a iya gori, sai iska. Na bar shi. Ya zauna a kan ciyawa da wandon nasa ya cika shafi guda da kamanninsu, launi da tsawon wuya da kuka da wurin da suke, ya miƙo min biro ya ce in fara sa hannu, nasa a ƙasa. Direba ya yi ta danna ham a bakin hanya, ba wanda ya kula shi.

Ya roƙe ni kada mu faɗa wa kowa sai wajen karatun yamma, na yarda. Ƙarfe biyar aka taru a makaranta, mutum talatin da wani abu, kowa ya ƙone da rana. Matar mai kantin magani ce ta ɗaura tamal a madadina, gishiri ya yi yawa, na ci biyu don kada a ce. Bayan an ci, shugaba yakan karanta sunayen duk tsuntsayen da aka taɓa gani a yankunanmu takwas, ɗaya bayan ɗaya, duk yankin da ya ga tsuntsun sai ya ce akwai. Zalɓe, akwai. Balbela, akwai, har da dariya, don wa bai ga balbela ba. In aka kira suna ba wanda ya amsa, sai a ɗan yi shiru a wuce. Can aka zo kan agwagi.

Ya karanta, kirinjijiya mai farar fuska. Na bar shirun ya ɗan zauna, don in ji daɗinsa. Sannan na ce, "Akwai. Biyar."

Mai kantin magani ya fara ƙyaƙyatawa, wasu suka sunkuyar da kai don tausayina. Don Aníbal ya ajiye takardar ya miƙe tsaye. Ya ce, "Biyar ne, na gan su da idona, ita ta kira min su. Bara ma ta gani. Ni ne ban iya dubawa ba, kuma na ba ta kunya a ɗakin nan, a ɗakin nan nake neman gafararta." Sai ɗakin ya kaure. Wanda ya tafa teburi ya tafa, wata malama ta rungume ni har haƙoran suka kusa fita da kansu. Mai kantin magani ya zo yana sosa ƙeya yana tambaya ko zan kai shi gobe. Na ce sai na duba ko jiminata ta bar min lokaci. Kafin a tashi aka mayar min da Zapotal, aka kuma yarda daga baɗi da fadama za a riƙa farawa.

Yanzu saura magana ɗaya, na ajiye ta ƙarshe don ita ce mai wuya. Bara, bayan abin ya faru, ina tsakar gida ina shanya na ji ka ta taga kana gaya wa Yamileth cewa uwarta ta fara ganin abin da babu, a riƙa lallaɓa ta. Ban taɓa nuna maka na ji ba. Dariyar mutum talatin ba ta yi min ciwon wannan ba, domin su ba su san ni ba, kai ka sani. Na yafe maka tun tuni, ba don haka nake rubutawa ba.

Ba mu ɗauki hoto ba, ba mu da abin ɗauka. Akwai takardar malam da sa hannunsa, kuma na san in ka gan ta za ka yarda, kamar kowa. Shi ya sa ba zan nuna maka ba. Yamileth ta ce ranar Laraba za ta sako ka a bas ka yi Kirsimeti a gida. Zan ɗaura tamal na gaske, zan zo tasha in ɗauki jakarka. In ka sauko, kafin ka tambayi kare, ka dube ni ka ce, Zeneida, kin gani. Don ni na faɗa, ba don malam ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka da ke jiran ka a tasha,
Zeneida Briceño